Friedrich Reinitzer (1857–1927): Masanin Tsirrai da Ya Gano Kiristal Mai Gudana

An haifi Friedrich Reinitzer a birnin Prague a shekarar 1857, lokacin da yankin Bohemiya ke ƙarƙashin daular Ostiriya. Ilimin sinadarai ya karanta, daga baya ya karkata ga nazarin tsirrai. A shekarar 1888, yana aiki a jami'ar Jamusawa ta Prague, abin da ya sa a gaba shi ne tantance sinadarin kolestarol da dangoginsa da ake samu a cikin karas.

Cikin wannan aiki ne ya dumama wani sinadari mai suna cholesteryl benzoate. A digiri 145.5 na ma'aunin Salshiyas sai ya narke ya zama ruwa mai duhu-duhu kamar farau-farau, bai washe garau ba sai a digiri 178.5. Yana hucewa kuma sai launin shuɗi ya gilma ya ɓace. Ƙa'idar zamanin ita ce, tataccen abu sau ɗaya yake narkewa. Narkewa biyu alama ce ta gauraye. Reinitzer ya sake tace sinadarin, sakamakon bai sauya ba. A ganina nan ne darajarsa take: ya gaskata ma'auninsa, ya kuma yarda cewa bayanin ya wuce fagensa.

A watan Maris na shekarar ya rubuta wa masanin fiziya Otto Lehmann a Aachen, haɗe da samfuri. Lehmann yana da madubin ƙara girma mai dumama abin da ake dubawa. Da shi ya ga cewa ruwan nan, duk da yana kwarara, yana raba haske gida biyu yadda kiristal ke yi. Dalilin, kamar yadda aka fahimta daga baya, shi ne ƙwayoyinsa dogaye ne: zafi ya raba su da mazauninsu, amma bai hana maƙwabta fuskantar gefe guda ba.

Ba kowa ya gamsu ba. Gustav Tammann ya daɗe yana cewa gauraye ne kawai. Lehmann ya ɗauki nauyin kare batun, suna ya bi shi, har a 1908 suka yi saɓani a rubuce da Reinitzer kan wanda ya riga wani. Shi kuwa Reinitzer tuni ya koma Graz, inda ya shugabanci babbar makarantar fasaha daga 1909 zuwa 1910.

A can ya rasu a watan Fabrairu na 1927, shekaru 5 bayan Georges Friedel ya rarraba nau'o'in kiristal mai gudana, shekaru 41 kafin kamfanin RCA ya nuna allon da aka yi da shi a Amurka.