Hans Eysenck: Masanin da ya yi fice wajen yawan wallafa, aka kuma tuhumi bincikensa bayan mutuwarsa

Lokacin da Farfesa Hans Eysenck ya mutu a birnin Landan ranar 4 ga watan Satumban 1997, shi ne masanin ilimin halayyar ɗan Adam da aka fi kafa hujja da rubuce-rubucensa a mujallun kimiyya a cikin dukkan takwarorinsa da ke raye. Ya bar littattafai kimanin 80 da muƙalu fiye da 1,000.

To sai dai shekaru 22 bayan haka, jami'ar King's College ta Landan, wadda a ƙarƙashinta cibiyar da ya yi wa aiki take, ta bayyana cewa 26 daga cikin muƙalun da ke ɗauke da sunansa ba abin dogaro ba ne. Muƙalun sun shafi alaƙar halayyar mutum da cutar sankara da kuma ciwon zuciya.

Tasowarsa

An haifi Eysenck a birnin Berlin na ƙasar Jamus ranar 4 ga watan Maris na 1916. Iyayensa 'yan wasan kwaikwayo ne, sun kuma rabu tun yana ƙarami, saboda haka a hannun kakarsa ta wajen uwa ya tashi. Kakar tasa, wadda ke da asali da Yahudawa, ta mutu daga baya a wani sansanin gwale-gwale na 'yan Nazi.

A shekarar 1934, bayan da Adolf Hitler ya hau karagar mulki, Eysenck ya yi ƙaura daga Jamus saboda adawar da yake yi da gwamnatin. Da ya isa Ingila ya so ya karanta kimiyyar fiziks, amma takardunsa ba su cika sharuɗɗan shiga wannan fanni ba, sai ya faɗa ilimin halayyar ɗan Adam a jami'ar Landan. Ya samu digirin digirgir a 1940 a ƙarƙashin kulawar Cyril Burt, malamin da shi ma aka zarga a 1976, bayan mutuwarsa, da ƙirƙiro alƙaluma a binciken da ya yi kan basirar tagwaye.

Awon halayyar ɗan Adam

A lokacin yaƙin duniya na biyu Eysenck ya yi aiki a asibitin gaggawa na Mill Hill, inda ake jinyar sojojin da suka samu taɓuwar tunani. Ya yi nazarin bayanan sojoji 700, ya kuma yi amfani da lissafi wajen gano waɗanne ɗabi'u ne suke tafiya tare. Sakamakon ya fito a littafinsa na farko a 1947.

A cikin littafin ya nuna cewa ana iya auna halayyar kowane mutum a kan ma'auni biyu. Na farko shi ne yadda mutum yake son shiga jama'a ko yake son kaɗaici. Na biyu kuwa shi ne yadda yake saurin shiga damuwa ko yake da natsuwa. Daga bisani ya ƙara na uku, wanda ya shafi taurin zuciya da rashin damuwa da halin da wasu ke ciki.

Tare da matarsa Sybil, ya tsara jerin tambayoyi na auna waɗannan ɗabi'u, wanda aka wallafa a 1975 aka kuma fassara zuwa harsuna da dama. Duk mai binciken da ya yi amfani da tambayoyin dole ne ya ambaci sunansa, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa sunan ya cika mujallu. Ma'aunai biyun farko har yau suna cikin tsarin da masana ke amfani da shi wajen bayanin halayya.

Daga 1955 zuwa 1983 ya riƙe muƙamin farfesa a Cibiyar Nazarin Cututtukan Ƙwaƙwalwa da ke haɗe da asibitin Maudsley a Landan. Ya kafa mujallun kimiyya guda biyu, ɗaya a 1963, ɗaya a 1980, ya kuma rubuta littattafai masu sauƙin fahimta domin jama'ar gari.

Mai son jayayya

A 1952 ya wallafa wata gajeriyar muƙala da ta tayar da ƙura. Ya ce kimanin kashi biyu bisa uku na masu fama da matsananciyar damuwa suna samun sauƙi cikin shekaru biyu, ko an yi musu maganin tattaunawa irin na Sigmund Freud ko ba a yi ba. Likitoci da dama sun fusata, kuma bincike na baya ya nuna cewa maganin tattaunawa yana da amfani. Amma muƙalar ta tilasta wa masu wannan sana'a su fara gwada hanyoyinsu da alƙaluma kamar yadda ake gwada magani.

A 1971 ya fitar da littafi kan launin fata da basira, inda ya karkata ga ra'ayin cewa gado na da hannu a bambancin makin da baƙar fata da farar fata ke samu a jarrabawar basira a Amurka. Masana da yawa sun yi fatali da wannan ra'ayi, kuma a 1973 wasu masu zanga-zanga sun kai masa duka yayin da yake gabatar da lacca a makarantar nazarin tattalin arziki ta Landan.

Taba sigari da sankara

Tun a 1950 masu bincike 'yan Birtaniya Richard Doll da Austin Bradford Hill suka nuna alaƙa mai ƙarfi tsakanin shan taba da sankarar huhu. Ƙungiyar manyan likitocin ƙasar ta tabbatar da haka a rahotonta na 1962. Amma a 1965 Eysenck ya wallafa littafin da ke jefa shakku a kan batun. A ganinsa, akwai irin halayyar da ke sa mutum ya sha taba, ta kuma sa shi ya kamu da cutar. Takardun kamfanonin taba da aka bankaɗo daga baya sun nuna cewa ya shafe shekaru yana karɓar kuɗin bincike daga wajensu.

Daga shekarun 1980 ya haɗa gwiwa da wani mai bincike a birnin Heidelberg na Jamus, Ronald Grossarth-Maticek, wanda shi ne ya tattara bayanan dubban mutane a can da kuma garin Crvenka na tsohuwar Yugoslabiya. Muƙalun da suka wallafa tare sun yi iƙirarin cewa mutanen da ke danne ɓacin ransu suna mutuwa da sankara fiye da sauran jama'a nesa ba kusa ba. A ɗaya daga cikin binciken, bambancin ya haura ninki 100.

Domin a gane girman wannan adadi, shan taba sigari kansa yana ƙara haɗarin kamuwa da sankarar huhu ne da kimanin ninki 15 zuwa 30. Kazalika sun ce wata 'yar takardar nasiha da aka raba wa mutane, haɗe da 'yar tattaunawa, ta rage yawan mace-mace a tsakaninsu da fiye da rabi.

A 1992 wasu likitocin ƙwaƙwalwa biyu, Anthony Pelosi da Louis Appleby, sun rubuta a mujallar likitocin Birtaniya ta BMJ cewa hankali ba zai ɗauki waɗannan alƙaluma ba. Wani masani Bajamushe, Manfred Amelang, ya sake gudanar da irin binciken a Heidelberg, bai kuma samu sakamako makamancin nasu ba. Duk da haka babu wata hukuma da ta binciki lamarin a zamanin rayuwar Eysenck.

Abin da ƙidayar ambato ke nunawa

Tun daga 1964, lokacin da Ba'amurken nan Eugene Garfield ya fitar da kundin da ke lissafa wanda ya ambaci wane a mujallun kimiyya, yawan ambato ya zama ma'aunin darajar masani. A wani nazari da aka wallafa a 2002 kan fitattun masana halayyar ɗan Adam na ƙarni na 20, Eysenck ya zo na uku wajen yawan ambato a mujallu, bayan Freud da Jean Piaget.

Sai dai ƙidayar ba ta bambanta wanda ya ambaci aiki domin ya yarda da shi da wanda ya ambace shi domin ya ƙaryata shi. Mutumin da ya yi rayuwarsa cikin jayayya kamar Eysenck yana samun ambato daga masoya da masu adawa baki ɗaya. Haka nan girman sunansa ya buɗe wa binciken Heidelberg ƙofofin mujallu, ciki har da waɗanda shi da kansa ya kafa.

Hukuncin 2019

A farkon 2019 Pelosi ya sake wallafa sukar tasa dalla-dalla, editan mujallar da ta buga ta, David Marks, ya kuma yi kira ga King's College da ta yi bincike. Kwamitin da jami'ar ta naɗa ya nuna shakku kan sahihancin bayanan da aka tattara, ya kuma ce sakamakon ya saɓa wa abin da ilimin likitanci ya sani game da yadda cututtukan ke faruwa. Grossarth-Maticek ya musanta aikata ba daidai ba.

A 2020 mujallu sun janye fiye da goma daga cikin muƙalun Eysenck, suka kuma liƙa gargaɗi a kan wasu fiye da 60. Masu suka na ganin illar ta wuce ɗakunan karatu, domin ra'ayin ya ba mashaya taba abin fakewa, ya kuma ɗora wa masu fama da sankara laifin ciwon da ke damunsu.

Jami'o'i a sassan duniya, har da na Najeriya, suna duba yawan muƙalu wajen yi wa malamai ƙarin girma, wasu kuma suna haɗawa da yawan ambato. Masu bin tarihin kimiyya kan kawo labarin Eysenck idan ana muhawara kan wannan tsari, ganin cewa an ɗauki shekaru 27 tsakanin gargaɗin Pelosi da Appleby na 1992 da ranar da aka zauna aka duba alƙaluman.