Jacob Cohen: Masanin da ya koya wa masu bincike auna ƙarfin alƙalumansu

Duk ɗalibin da ke shirin binciken halayyar ɗan Adam a yau, sai ya fara tantance yawan mutanen da zai gwada kafin a amince da sakamakonsa. Wanda ya fi kowa jawo hankali kan wannan mataki shi ne Jacob Cohen.

An haife shi a birnin New York na Amurka a 1923. Bayan ya yi aikin soja a yaƙin duniya na biyu, ya kammala digirin digirgir a Jami'ar New York a 1950, kuma a nan ya koyar har ya yi ritaya a 1993.

A 1960 ya fito da ma'aunin kappa, wanda ke nuna yadda hukuncin masana biyu ya zo ɗaya bayan an cire dacewar da sa'a kaɗai ke iya haifarwa. Likitoci na amfani da shi har yanzu.

Shekara biyu bayan haka ya bi diddigin bincike 70 da wata mujallar masana ta buga. Ya gano cewa mutanen da ake gwadawa sun yi kaɗan, ta yadda ko da akwai matsakaicin bambanci na gaskiya tsakanin rukuni biyu, damar gano shi ba ta kai rabi ba. Ke nan magani mai amfani na iya shan watsi saboda ƙarancin waɗanda aka gwada shi a kansu.

Littafinsa na 1969 ya koyar da yadda ake lissafa yawan mutanen da ake buƙata tun kafin a fara aiki. Ya kuma ba da mizanin girman bambanci: 0.2 ƙarami, 0.5 matsakaici, 0.8 babba. Sai dai ya gargaɗi masu bincike da kada su ɗauki waɗannan lambobi tamkar doka.

Ba a saurare shi da wuri ba. Wani nazari na 1989 ya nuna lamarin bai inganta ba. Cohen ya rasu a 1998, kuma a 2015 da masana suka maimaita bincike 100, kusan kashi 36 cikin ɗari ne kawai suka sake ba da sakamako mai ƙarfi. Daga nan mujallu da dama suka tsananta neman irin lissafin da ya shafe rayuwarsa yana koyarwa.