Sandford Fleming, Mutumin Da Ya Daidaita Agogon Duniya

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, na zaɓi in ba ku tarihin wani bawan Allah wanda kullum muke cin moriyar aikinsa, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san sunansa. Shi ne Sandford Fleming.

An haife shi a garin Kirkcaldy na ƙasar Sikotilan a shekarar 1827. Yana da shekara 18 ya yi ƙaura zuwa Kanada, inda ya zama safiyo, daga baya kuma babban injiniyan hanyar jirgin ƙasa. Shi ne ma ya zana kan sarki na farko na Kanada a 1851.

A zamaninsa kowane gari da nasa agogo. In rana ta take tsaka a garinku, to ƙarfe 12 ta yi ke nan, ba ruwanku da na maƙwabta. Mu ma mun san irin wannan bambanci, domin mutanen Maiduguri kan riga na Sakkwato shan ruwa da wajen rabin awa. Sa'ad da ake tafiya a kan doki wannan bai dami kowa ba. Amma da jirgin ƙasa ya zo sai al'amari ya rikice. Fasinja ba ya sanin agogon da zai bi, jirage biyu kuma suna iya yin karo a kan layi ɗaya saboda saɓanin 'yan mintoci.

A 1876 Fleming ya rasa jirgi a wata tasha a ƙasar Ailan, don an buga lokacin yamma a takardar tafiya maimakon na safe. Wani da sai ya yi faɗa ya manta. Shi kuwa sai ya zauna ya yi tunani. Ya kawo shawarar a riƙa ƙirga awa 24 a jere, yadda ba za a sake rikita safe da yamma ba. Sa'an nan tun da duniya tana juya digiri 15 a kowace awa, ya ce a raba ta kashi 24, kowane kashi ya bambanta da na kusa da shi da awa ɗaya cif.

Ya yi ta rubuce-rubuce da lacca, wasu na ganin abin ba zai yiwu ba, amma bai karaya ba. Ba shi kaɗai ya yi wannan fama ba, akwai irinsu Charles Dowd a Amurka. Ran 18 ga Nuwamba 1883 kamfanonin jirgin ƙasa na Amurka da Kanada suka koma bin agogon yanki-yanki. A 1884 ƙasashe 25 suka yi taro a Washinton, har da Fleming cikin wakilai, aka amince a fara ƙirga daga Greenwich ta Ingila. Faransa ba ta goyi baya ba, sai a 1911 ta bi sahu. Fleming ya rasu a Halifax a 1915.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda kwamfuta da wayar hannu ke bin tafarkinsa. Sukan ajiye lokaci guda na duniya duka, sa'an nan su nuna wa kowa na garinsa. Shi ya sa saƙon da alhaji ya aiko daga Makka da ƙarfe 3 zai nuna ƙarfe 1 a Kano, ƙarfe 12 a Kumasi. Sai dai har yanzu da sauran aiki wajen rubuta kwanan wata. In ka rubuta 3/4, mu a wurinmu 3 ga Afrilu ne, Ba'amurke kuwa zai karanta 4 ga Maris. Don haka a 1988 aka fito da ƙa'idar fara rubuta shekara, sai wata, sai rana, kuma ita masu tsara manhaja suka fi dogara da ita.

Darasin da na ɗauka shi ne, ƙaramar matsala in ta gamu da mai himma takan zama alheri ga duniya. Allah ya ba mu irin wannan himma a karatunmu, amin.