Bello Kagara: Malamin da ya kai jarumin Hausa ƙasar aljannu

An haifi Malam Muhammadu Bello a garin Kagara, cikin jihar Neja ta yanzu, a shekarar 1890. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne kuma alƙali. Bello yana ɗan yaro dakarun Lugard suka ci Kwantagora da yaƙi a 1901, lamarin da ya tilasta wa Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse barin gari da jama'arsa.

Bayan ya yi zurfi a karatun allo da na ilimi, ya shiga makarantar Ɗan Hausa da ke Nassarawa a Kano. Daga bisani ya koyar da Larabci da addini a Kwalejin Katsina, makarantar da ta yaye su Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Sai dai abin da ya fi ɗaukaka sunansa wani ɗan ƙaramin littafi ne. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya shirya gasar ƙagaggun labarai, Malam Bello ya shiga da Ganɗoki. An buga shi tare da Ruwan Bagaja na ƙanensa, Abubakar Imam.

Labarin ya soma ne da tarihi na haƙiƙa. Ganɗoki barde ne da ya gwabza da Turawa, amma takobi da mashi ba su iya da bindiga mai ruwa ba. A nan ne marubucin ya yi dabara: maimakon ya bar jaruminsa ya mutu ko ya miƙa wuya, sai ya ɗauke shi da ɗansa Garba Gagare ya nausa da su gabas, har cikin duniyar aljannu, inda ƙarfin dantse da kirari ke da sauran amfani. Can suka yi ta cin garuruwa suna musuluntar da jama'a. Ganɗoki bai dawo gida ba sai da mulkin Turawa ya zauna daram.

Ba ƙaramin abu ba ne ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka ya miƙa wa Bature irin wannan labari, kodayake a ƙarshensa an sassauta harshe game da sabon zamani.

Shekaru 40 bayan fitowarsa, a 1974, Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da wasan Dungeons & Dragons a Amurka, inda 'yan wasa ke zama jarumai masu faɗa da dodanni. Daga nan salon ya bazu zuwa wasannin kwamfuta da finafinai. A ƙasar Hausa kuwa ta hanyar littafi wannan sha'awa ta yaɗu. Littattafan yaƙi da suka cika kasuwannin Kano tun daga shekarun 1990, masu sadaukai da matsafa da ifiritai, kusan duk sawun Ganɗoki suka bi, illa dai mafi yawansu sun bar tarihin gida sun koma biranen da babu su a taswira.

Malam Bello ya koma aikin shari'a a masarautar Katsina, har aka naɗa shi Walin Katsina. Ya kuma rubuta tarihin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Allah Ya yi masa rasuwa a 1971.