Dietrich Bonhoeffer (1906-1945): Faston da Ya Ƙi Zama a Tudun Mun Tsira

An haifi Dietrich Bonhoeffer ranar 4 ga Fabrairu, 1906, a birnin Breslau, wanda a lokacin yake cikin Jamus. Gidansu gidan ilimi ne da wadata, mahaifinsa kuwa shahararren likitan ƙwaƙwalwa ne da ya koyar a Jami'ar Berlin. Yana ɗan shekara 21 ya kammala digirin digirgir a fannin tauhidi. Abin da ya nazarta shi ne ikilisiya, inda ya nuna cewa Almasihu yana bayyana ne a cikin jama'ar masu bi, kuma Kirista ba ya rayuwa don kansa kaɗai. Sauran rayuwarsa ta tafi ne wajen gwada wannan magana a aikace.

Da Hitler ya hau mulki a watan Janairun 1933, Bonhoeffer na cikin fastocin farko da suka ɗaga murya. A watan Afrilu ya rubuta cewa idan gwamnati ta zalunci Yahudawa, wajibi ne ikilisiya ta tuhume ta, ta kula da waɗanda aka zalunta, in ta kama kuma ta tare zaluncin da kanta. Sai dai faɗa da cikawa ba ɗaya ba ne. A cikin watan ne surukin 'yar'uwarsa, wanda Bayahude ne, ya rasu, aka roƙe shi ya jagoranci jana'izar. Ya nemi shawarar na gaba da shi a coci, aka ce ya ƙi, ya kuwa ƙi. Daga baya ya rubuta wa mijin 'yar'uwar tasa yana neman gafara. Wannan tuntuɓe yana da muhimmanci ga mai son fahimtar mutumin, domin ya ɗanɗana kunyar kare kai tun kafin ya kai ga sadaukarwa.

A ƙarshen shekarar ya tafi Landan ya riƙe majami'u biyu na Jamusawa, har malamin tauhidi Karl Barth ya aika masa wasiƙa mai zafi yana cewa ya koma bakin aikinsa. A 1935 ya dawo ya shugabanci makarantar horar da fastoci ta ɓangaren ikilisiyar da ya ƙi miƙa wuya ga 'yan Nazi, a Finkenwalde. 'Yan sandan ciki suka rufe ta a 1937, shekarar da littafinsa kan almajiranci ya fito.

Babbar jarrabawa ta zo a 1939. Ana shirin kiran tsararrakinsa aikin soja, shi kuwa ba zai iya yi wa Hitler yaƙi ba. In ya ƙi a fili, hukuncin zai iya kai wa ga kisa, kuma gwamnati za ta huce a kan ikilisiyar da dama ta raunana. A nan bai ga amfanin miƙa ransa ba, domin jama'arsa ce za ta kwana a ciki. Abokai suka samar masa gurbi a Amurka, ya isa New York a watan Yuni. Amma hankalinsa ya ƙi kwanciya. Ya bayyana wa Reinhold Niebuhr cewa zuwansa kuskure ne, kuma ba zai sami bakin magana wajen sake gina rayuwar Kirista a Jamus bayan yaƙi ba, matuƙar bai sha wuyar tare da mutanensa ba. Bai cika wata guda ba ya shiga jirgin ruwa ya juya. Mizanin da ya fitar da shi, shi ne ya dawo da shi: a wane wuri ne 'yan'uwa za su amfana da shi?

Ta hannun mijin yayarsa, Hans von Dohnanyi, ya shiga hukumar leƙen asirin soja, inda masu ƙulla kifar da Hitler suka fake. A 1942 ya gana da Bishop George Bell na Ingila a Suwidin don isar da saƙonsu, kuma yana da hannu a shirin da ya tsallakar da Yahudawa 14 zuwa Suwizalan. Abin lura shi ne bai taɓa wanke wannan aiki ba. A rubuce-rubucensa kan ɗabi'a ya yarda cewa wanda ya ɗauki nauyin wasu yakan ɗauki laifi tare da shi, kuma ba ya da madogara sai jinƙan Allah. Har yau akwai Kiristocin da ke ganin bai dace fasto ya shiga makircin kisa ba, kuma hujjarsu ba abar yarwa ba ce.

An kama shi ranar 5 ga Afrilu, 1943, watanni uku bayan an yi masa baiko da Maria von Wedemeyer. A kurkukun Tegel wani gandiroba ya yarda ya fitar da shi cikin kayan ma'aikata. Ana cikin shirin ne, a farkon Oktoban 1944, aka kama wansa Klaus. Ganin cewa gudunsa zai jawo wa dangi bala'i, sai ya fasa.

Daga nan aka mayar da shi hannun 'yan sandan ciki, sannan sansanin Buchenwald. An rataye shi a Flossenbürg da asubahin 9 ga Afrilu, 1945, yana da shekara 39. Makonni biyu bayan haka sojojin Amurka suka iso sansanin.