Abu Raihana Al-Biruni, malamin da ya gano teku a ƙarƙashin sahara

Sunansa Muhammadu ɗan Ahmadu, ana yi masa alkunya da Abu Raihana, amma duniya ta fi saninsa da Al-Biruni. An haife shi a shekarar 973, wato 362 bayan Hijira, a gefen birnin Kas na ƙasar Khawarizmi, bakin kogin Jaihun da yanzu ake kira Amu Dariya, cikin Uzbekistan ta yau. Wani ɗan gidan sarauta, Abu Nasri Mansur, wanda shi kansa gwani ne a lissafi, ya ɗauke shi ya karantar da shi. Yana ɗan shekara goma sha bakwai ya riga ya auna tsayin rana da tsakar rana, ya fitar da matsayin garinsu a doron ƙasa.

Zaman lafiya bai daɗe masa ba. A 995 rikicin sarauta ya rushe gidan da ya rene shi, ya fita yawon neman mafaka, ya zauna a Rayyi cikin talauci, daga baya Sarki Kabus na Jurjan ya karɓe shi. A can ya rubuta Al-Asarul Baƙiya wajen shekara ta 1000, littafi kan kalandar al'ummai da yadda kowacce take ƙirga shekarunta. Kafin wannan, a 997, ya yi wani abu da yake burge ni ƙwarai. Sun shirya da Abul Wafa, wanda ke zaune a Bagadaza, cewa kowa ya duba husufin wata daga garinsu ya rubuta lokacin. Da suka gwama lokutan biyu, sai suka fitar da tazarar gabas da yamma tsakanin garuruwan. Babu tarho, babu agogon hannu, wasiƙa ce kawai a kan raƙumi.

A 1017 Sarki Mahmudu na Gazna ya ci Khawarizmi da yaƙi, ya kwashe malamanta zuwa Gazna, a Afganistan ta yau. Al-Biruni na cikinsu, kuma ba da son ransa ya tafi ba. To, wannan kamun shi ya buɗe masa ƙofar Indiya, domin Mahmudu kusan kowace shekara sai ya kai hari can. Sarki na kwasar dukiya, malamin kuwa ya zauna gaban malaman Hindu ya koyi harshen Sanskirit da girmansa, ya karanta littattafansu. Bai ɓoye ba a littafinsa cewa hare-haren Mahmudu sun lalata arzikin ƙasar, sun kuma sa mutanenta ƙin Musulmi. Ba kowane mai cin abincin fada ne zai rubuta haka ba.

A wata ganuwa da ake kira Nandana, cikin Pakistan ta yanzu, ya auna girman duniya. Ya fara auna tsayin wani dutse daga fili. Sai ya hau ƙololuwarsa, ya duba inda sama ta haɗu da ƙasa, ya auna yadda wannan layin ya ɗan sunkuya ƙasa da saitin idonsa, abin da bai kai digiri ɗaya ba. Daga waɗannan biyu ya lissafa nisan da ke tsakanin tsakiyar duniya da doronta. Idan an mayar da kamunsa zuwa ma'aunin yau, ana samun wajen kilomita 6,340, alhali na gaskiya 6,371 ne. Masana na cewa akwai sa'a a ciki, saboda iska tana karkatar da haske, kuma kayan awonsa ba su kai su kama ƙanƙanin bambanci irin wannan daidai ba. Hanyar dai sahihiya ce, ɗalibin da ya iya lissafin kusurwa zai iya binta a allo.

Inda na fi so mu daɗe shi ne abin da ya karanta a jikin duwatsu. A 1025 ya kammala Tahdidu Nihayatil Amakin, wanda asalin manufarsa gano matsayin garuruwa ne da fitar da alƙiblar Gazna daidai. A farkon littafin ya tsaya kan tambayar da yara ke yi mana a aji har gobe: duniyar nan haka take tun farko? Ya lura cewa idan aka haƙa rijiya a saharar Larabawa, ƙasa tana fitowa hawa-hawa, yashi, laka, tsakuwa, kuma a cikinsu akwai ɓawon dabbobin ruwa, wasu da siffarsu, wasu sun ruɓe sun bar hotonsu a jikin dutse. Sai ya yanke cewa wurin nan teku ne a da, ya cike ya koma tudu. Haka ya bi tsofaffin hanyoyin kogin Jaihun, ya nuna cewa kogin ya sha sauya hanya, yana barin tafkuna su ƙafe da garuruwa su mutu.

A littafinsa na Indiya, wanda ya gama wajen 1030, ya ƙara wata hujja. Ko'ina ka haƙa a filin Indiya za ka tarar da duwatsu masu santsi, mulmulallu. Kusa da tsaunuka, inda ruwa ke gudu da ƙarfi, manya ne. Kana nisa suna ƙanƙancewa, har ka iso bakin teku inda ruwa ya lafa, can kuma sai yashi. Dutse ba ya mulmuluwa sai ruwa ya gungura shi. Ke nan koguna ne suka kwaso wannan ƙasa duka daga tsaunuka, suka zuba a wani kwari da ruwa ya taɓa cikawa. Masana ƙasa na yau sun ce filin, kwari ne da ya lotsa a gindin Himalaya bayan Indiya ta yi karo da Asiya wajen shekara miliyan 50 da suka wuce, koguna suka cike shi. Tekun da ke tsakaninsu kuwa, an tura ƙasansa sama, shi ya sa ake samun burbushin halittun ruwa a dutsen da ke ƙololuwar Everest. Bai san wannan karon ba, amma karatun da ya yi wa tsakuwa daidai ne.

Mu a nan Togo ba sai mun je Indiya ba. Fosfat ɗin da ake haƙa a Hahotoe da Kpogame, ake lodawa jirgi a Kpeme, a ƙarƙashin teku ya taru, kuma cike yake da haƙoran kifaye. A 2014 masana biyu, Philip Gingerich da Henri Cappetta, suka bayyana ƙasusuwan wata dabbar ruwa mai shayarwa daga Kpogame, kakar manyan dabbobin nan da Faransawa ke kira baleine, wadda ta rayu wajen shekara miliyan 45 da suka shige, suka raɗa mata suna Togocetus. Farar ƙasar da ake yin siminti da ita a Tabligbo ma ta teku ce. Haka ta Kalambaina a Sakkwato, ƙasar kakannin da yawa daga cikinmu, domin wani reshen teku ya taɓa ratsa Sakkwato da Tawa ya nufi arewa. Wanda kuma ya bi hanyar Aneho ya ga yadda ruwa ya cinye tsohon titi, ya ga aikin yana tafiya ta ɗaya gefen.

Shekara nawa duk wannan ya ɗauka? Al-Biruni ya tsaya kan cewa duniya halitta ce mai farko, ya ƙi ra'ayin Aristotal cewa ta dawwama tun azal, har sun yi musayar wasiƙu masu zafi da Ibnu Sina kan koyarwar Aristotal tun suna samari. Amma ya ce sauye-sauyen da duwatsu ke nunawa suna bukatar zamani mai tsawon gaske, kuma bai ƙaga adadi ba tunda ba shi da abin auna shi. A ganina nan ne girmansa yake. Sai a 1669 Steno ya tsara ƙa'idar cewa shimfiɗar ƙasa ta ƙasa ta girmi ta sama, sai a 1956 Clair Patterson ya auna dalma a duwatsun da suka faɗo daga sama ya sami shekara biliyan 4.55. Masu cewa Al-Biruni ya riga kowa sanin komai suna yi masa ƙari, shi kuwa mutum ne da ba ya son ƙari.

Bayan rasuwar Mahmudu a 1030 ya sami sauƙi a hannun ɗansa Mas'udu, ya rubuta masa babban littafin taurari, Al-Ƙanunul Mas'udi. Marubuta tarihi sun ruwaito cewa sarki ya aiko masa da azurfa kayan giwa guda, ya mayar. Daga baya ya rubuta Al-Jamahir kan duwatsu masu daraja da ƙarafa. Ya ƙera wani ɗan tulu mai bututu, yana jefa abu a ciki yana auna ruwan da ya zubo, ta haka ya gano cewa zinariya ta ninka ruwa nauyi wajen sau 19. Awon yau 19.3 ne.

Littafinsa na ƙarshe kan magunguna ne, As-Saidana, ya yi shi ido da kunne sun raunana, da taimakon wani mataimaki. An ƙirga masa littattafai kusan 146, waɗanda suka iso mu ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Ya rasu a Gazna wajen shekarar 1050, yana dab da tamanin. Allah ya jiƙansa da rahama. Garin da ke kusa da kufan Kas yanzu sunansa Biruni.