Marigayi Farfesa Abdu Mumuni: Ɗan Tasawa da ya sa rana aiki

An haifi Abdu Mumuni Dioffo a garin Tasawa cikin jihar Maraɗi ranar 26 ga Yuni, 1929, zamanin da iyaye da yawa ke ɓoye 'ya'yansu kada a kai su lakwal. Shi kuwa ya yi karatu a Damagaram da Yamai, ya wuce makarantar William Ponty ta Senegal, daga nan sai Faransa. A 1956 ya ci babbar jarrabawar malanta ta Faransa a fannin fiziks, wadda kafinsa babu wani ɗan ƙasashenmu na baƙar fata renon Faransa da ya taɓa cin ta a wannan fanni.

Marigayin bai tsaya cin daɗin Turai ba. Ya koyar a Dakar da Konakiri, ya ƙaro ilimin makamashin rana a Tarayyar Sobiyet, ya yi aiki a Bamako. A 1969 ya dawo gida ya shugabanci ONERSOL, hukumar makamashin rana ta Nijar, inda aka riƙa ƙera na'urar dumama ruwa da murhun girki masu aiki da zafin rana. Macen da ke sayen itace kullum don tuyar ƙosai ta san darajar wannan tunani.

A littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka, ya nuna cewa yaro ya fi fahimta in an koyar da shi da harshen uwa, kuma dole karatu ya haɗu da aikin hannu da bukatun jama'a. A 1979 ya zama shugaban Jami'ar Yamai. Allah Ya yi masa rasuwa ranar 7 ga Afrilu, 1991, kuma a 1992 aka sa wa jami'ar sunansa.

To, iyaye 'yan kasuwa, ga abin lura. Famfunan da ke jawo ruwa da hasken rana a ƙauyukan Tasawa da Mayahi suna bukatar masu gyara, rijiyar burtsatse kuma ba ta haƙuwa sai da masanin da ya san inda ruwa ya kwanta a ƙarƙashin ƙasa. Ana koyar da wannan ilimi a makarantar EMIG ta Yamai. Yaron da aka cire daga aji don tsaron rumfa ko talla, wataƙila shi ne masanin da garinsu ke jira.

Allah Ya jiƙan Farfesa, Ya kyautata makwancinsa, amin.